Yadda aka ɗauke wa mutanen Wimbledon ƙungiyarsu, suka kafa wata daga tushe

Ranar 28 ga watan Mayun 2002, wasu mutum uku da hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wato FA, ta naɗa suka yanke wani hukunci da har yau ake jin raɗaɗinsa a kudancin birnin Landan. Biyu suka amince, ɗaya ya ƙi, cewa masu ƙungiyar Wimbledon suna iya kwashe ta kacokan, da 'yan wasanta da sunanta da gurbinta a gasa, su kai ta wani gari mai suna Milton Keynes, kusan kilomita 90 daga unguwar da aka haife ta. A lokacin ƙungiyar tana da shekara 113 a duniya. Kwana biyu kacal bayan hukuncin, magoya bayanta suka ce tunda haka ne, su ma za su kafa tasu. Ba su da fili, ba su da koci, ba su da ɗan wasa ko ɗaya, ko rigar da za a saka babu.

Mu nan idan aka zauna a fada ana jiran shayi ya nuna, musun ƙwallo ba ya wuce Real Madrid da Barcelona da Manchester United da Chelsea. Yaran da nake koyarwa ma haka, kowa da rigar babbar ƙungiyarsa. Amma Ingila tana da ƙungiyoyi 92 a manyan rukunai huɗu na ƙwararru: 20 a Firimiya, sai 24 a kowane ɗaya daga cikin rukunai uku da ke ƙasa da ita. A ƙarƙashin waɗannan kuma akwai wasu ɗaruruwa, hawa-hawa kamar matakala, har zuwa ƙungiyoyin ƙauye da na unguwa. AFC Wimbledon, wadda nake son ba da tarihinta, tsakanin rukuni na uku da na huɗu take kai-komo. Abin da ya ja ni gare ta tambaya ce guda: shin ƙungiyar ƙwallo ta wa ce? Ta mai kuɗin da ya saye ta, ko ta mutanen da suka gaji goyon bayanta daga iyaye da kakanni?

Wimbledon unguwa ce a kudu maso yammacin Landan, wadda duniya ta fi sani da gasar tanis. A 1889 tsofaffin ɗaliban wata makaranta mai suna Old Central suka haɗa ƙungiyar ƙwallo, suna buga wasa a wani makeken filin jama'a da ake kira Wimbledon Common. Mai karatu ya riƙe sunan wannan fili, don za mu dawo kansa. A 1912 suka samu nasu filin a titin Plough Lane, suka zauna a can kusan shekara 80. Galibin shekarun nan a matsayin 'yan dagaji suka yi su. Sun ɗauki kofin 'yan dagaji na ƙasa a 1963, inda wani ɗan wasa mai suna Eddie Reynolds ya ci ƙwallo huɗu duka da ka, sannan a 1964 suka fara biyan 'yan wasa albashi.

Ingila ta fara waiwayarsu ne a 1975, lokacin da suka je har gida suka fitar da Burnley ta babban rukuni daga Kofin FA, suka kuma riƙe Leeds United, zakarun ƙasa na lokacin, canjaras babu ci, bayan golansu Dickie Guy ya tare fenareti. A 1977 aka zaɓe su shiga rukuni na huɗu. Shekara tara bayan haka, a 1986, ƙarƙashin koci Dave Bassett, sai ga su a babban rukuni, suna karɓar baƙuncin manya a ɗan filinsu da bai fi na ƙaramin gari ba.

Gaskiya ba ƙwallo mai daɗin kallo suke bugawa ba. A ɗaga ta sama, a bi ta da gudu, a yi kafaɗa da kafaɗa, wanda ya ji tsoro ya kauce. Aka laƙaba musu suna Crazy Gang, wato gungun mahaukata, saboda ƙeta a fili da kuma wasan banza a ɗakin sauya kaya. A cikinsu akwai Vinnie Jones, wanda daga baya ya koma fim, da Dennis Wise, da John Fashanu, ɗan gaba mai ƙarfin tsiya wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya kuma ci musu ƙwallo sama da 100. Manyan ƙungiyoyi sun tsani zuwa Plough Lane, masu sharhi kuma suna yi musu kallon waɗanda suka shigo biki ba gayyata.

Ranar da ba a mantawa ita ce 14 ga Mayun 1988, wasan ƙarshe na Kofin FA a Wembley. Abokiyar karawa Liverpool ce, wadda ta riga ta lashe gasar ƙasa a shekarar, ga John Barnes, ga Peter Beardsley, ga John Aldridge. Ba wanda ya ba Wimbledon ko kwabo. Beardsley ma ya zura ƙwallo, alƙalin wasa ya soke don ya riga ya busa. Kafin hutun rabin lokaci Wise ya ɗago bugun tazara, Lawrie Sanchez ya sa mata kai, ta faɗa raga. Bayan an dawo aka ba Liverpool fenareti, Aldridge ya buga, kyaftin kuma gola Dave Beasant ya yi tsalle ya ture ta. Shi ne gola na farko da ya tare fenareti a wasan ƙarshe na Kofin FA a Wembley. Aka tashi ɗaya da nema. Shekara 11 ke nan da shigarsu rukunin ƙwararru. Sai dai ba su samu zuwa gasar Turai ba, domin a lokacin an dakatar da ƙungiyoyin Ingila sakamakon bala'in filin Heysel na 1985.

To daga nan ne labari ya fara juyawa, kuma ba a cikin fili ya juya ba. A watan Afrilun 1989 aka yi turmutsitsin filin Hillsborough, wanda ya ci rayukan magoya bayan Liverpool 97. Binciken da ya biyo baya ya sa aka wajabta wa manyan ƙungiyoyi su mayar da filayensu na zama zalla, a daina kallo a tsaye. Mai Wimbledon na lokacin, Sam Hammam, ɗan kasuwa ɗan asalin Labanan, ya ce Plough Lane ba zai gyaru ba. A 1991 ya kwashi ƙungiyar zuwa Selhurst Park, filin Crystal Palace, wai zaman wucin gadi kafin a gina sabo. Zaman hayar nan shekara 12 ya ɗauka, sabon fili kuwa ko tubali ba a aza ba.

A cikin fili ba su yi laushi ba. Suna cikin ƙungiyoyin da aka buɗe gasar Firimiya da su a 1992, sun gama a matsayi na shida a 1994 ƙarƙashin Joe Kinnear, kuma Efan Ekoku na Super Eagles ya yi musu shekaru yana cin ƙwallaye. Wanda ya taɓa ganin hoton ƙwallon da David Beckham ya ci daga tsakiyar fili a 1996, to Wimbledon aka ci. Amma zaman gidan wani ya cinye jama'arsu. A watan Janairun 1993 mutum 3,039 ne suka shiga kallon wasansu da Everton, adadi mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani a Firimiya in ban da lokacin korona. Hammam ya so ya kai ƙungiyar birnin Dublin, wata ƙasa daban ke nan, hukumar ƙwallon Ireland ta ce ba da ita ba. A 1997 ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa ga wasu attajirai biyu 'yan Norway, Kjell Inge Røkke da Bjørn Rune Gjelsten. Filin Plough Lane kuma aka sayar wa wani kamfanin manyan kantuna, daga baya aka rushe shi aka gina gidaje. Ranar 14 ga Mayun 2000, shekara 12 cif da ɗaukar kofi, Wimbledon ta faɗo daga Firimiya.

A daidai wannan lokaci wani mutum mai suna Pete Winkelman yana yawo yana neman ƙungiyar da zai kai Milton Keynes. Garin sabo ne, a 1967 aka tsara shi, ya cika ya batse amma ba shi da ƙungiya a rukunan ƙwararru. Winkelman da abokansa suna da shirin gina babban fili haɗe da manyan kantuna, kuma shirin ba zai tafi ba sai da ƙungiyar da za ta riƙa wasa a ciki. Hanyar da kowa ya sani ita ce a ɗauki ƙaramar ƙungiyar garin a raine ta, ta hau matakala da guminta, kamar yadda ita kanta Wimbledon ta yi. Su kuwa ba su da wannan haƙurin. Sun taɓa Luton, sun taɓa QPR, ba a dace ba, sai suka samu Wimbledon a hannun mutanen da suka gaji da asara. A watan Agustan 2001 shugaban ƙungiyar, Charles Koppel, ya sanar da shirin ƙaura.

Don a yi adalci, masu ƙungiyar suna da hujjarsu: kuɗi na zuba kullum, ba fili, ba 'yan kallo, kuma a cewarsu in ba a tashi ba ƙungiyar mutuwa za ta yi. Hukumar gasar ta ƙi amincewa, domin a Ingila gurbi a gasa ba kayan sayarwa ba ne da za a ɗauka daga wannan gari a kai wancan, irin yadda ake yi a wasannin Amurka. Aka yi ta ɗaukaka ƙara har magana ta kai gaban mutum ukun nan. Abin da ya fi ƙona wa magoya baya rai a rahotonsu shi ne inda suka ce sake tayar da wata ƙungiya a unguwar Wimbledon ba zai amfani harkar ƙwallo ba. Wato an ɗauke maka akuya, an kuma ce kada ka kuskura ka sayi wata.

Mutum huɗu ne suka ja gaba, Kris Stewart da Ivor Heller da Marc Jones da Trevor Williams, kuma ranar 30 ga Mayun 2002 aka haifi AFC Wimbledon. Ranar 29 ga Yuni suka kira gwajin 'yan wasa a Wimbledon Common, filin da ɗaliban can suka fara a 1889. Duk mai takalmi ya zo. Mutum 230 suka fito, masu iyawa da masu ƙarfin hali, aka tace aka fitar da tawaga. Wasansu na farko na sada zumunta ne da Sutton United ranar 10 ga Yuli, aka lallasa su huɗu da nema, amma mutum 4,657 suka shiga kallo suna murna kamar su suka ci. Aka ba su gurbi a rukuni na tara, inda ƙungiyoyi da yawa ba sa tara mutum ɗari a wasa. Su kuwa kusan 3,000 suke tarawa. A can Selhurst Park, tsohuwar ƙungiyar da aka ƙaurace wa ta buga wasan da 'yan kallo ba su kai dubu ɗaya ba, alhali tana rukuni na biyu.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne yadda suka tsara mallaka. Wata ƙungiyar magoya baya mai suna Dons Trust ce ta riƙe mafi rinjayen hannun jari. Kowa na iya zama mamba da ɗan kuɗin shekara, kuma mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, ko kai attajiri ne ko direban bas. Manyan al'amura irin su sayar da fili, ko sauya suna, ko barin unguwa, ba mai taɓa su sai mambobi sun amince da gagarumin rinjaye. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Aikin yau da kullum kuma 'yan sa kai ne suka riƙa yi, daga sayar da tikiti zuwa share wurin zama. Erik Samuelson, wani akanta da ya bar aikinsa ya shugabanci gudanarwar ƙungiyar shekaru da dama, albashinsa na shekara gini ɗaya ne, tsohon kuɗin Ingila da bai wuce fam ɗaya da 'yan kwabbai ba. A nan wajenmu, inda manyan ƙungiyoyi da dama na soja ne ko 'yan sanda ko kwastan ko gwamnatin jiha, wannan tsari abin a tsaya a duba ne.

Hawan matakalar bai ɗauki lokaci ba. Daga Fabrairun 2003 zuwa Disamban 2004 sun buga wasan gasa 78 ba a doke su ba, tarihin da babu wata babbar ƙungiya a Ingila da ta kafa irinsa. Sun hau mataki biyar cikin shekara tara. Na ƙarshen ranar 21 ga Mayun 2011 ne a birnin Manchester, wasan cike gurbi da Luton Town: aka tashi babu ci, aka je bugun fenareti, gola Seb Brown ya tare biyu, kyaftin Danny Kedwell ya buga na ƙarshe ya ci. Suka koma rukuni na huɗu, inda tsohuwar Wimbledon ta shiga a 1977.

Ita kuwa tsohuwar, bashi ya durƙusar da ita a 2003, ta koma Milton Keynes a watan Satumba na shekarar, a 2004 Winkelman ya saye ta ya sauya mata suna zuwa MK Dons, da sabon tambari da sabbin launuka. Magoya bayan sauran ƙungiyoyi suka riƙa kiranta Franchise FC, wato ƙungiyar da aka saya kamar lasisin buɗe shago. A 2007, bayan doguwar tattaunawa, ta mayar da kofuna da kayan tarihin Wimbledon ga ƙaramar hukumar Merton, ta kuma yarda cewa tarihinta daga 2004 ya fara. Saura kalmar Dons, laƙabin Wimbledon na asali, wadda ta ƙi saki. Har yau mutanen Wimbledon ba sa son furta ta. A 2017 ma hukumar gasar ta tuhumi AFC Wimbledon saboda ta ƙi rubuta cikakken sunan baƙin nata a allon fili. Ƙungiyoyin biyu sun fara haɗuwa a Disamban 2012 a Kofin FA, MK ta ci biyu da ɗaya a mintin ƙarshe, kuma da yawa daga mutanen Wimbledon sun ƙi zuwa don kada kuɗin tikitinsu ya shiga aljihun can.

Ranar 30 ga Mayun 2016, shekara 14 daidai da kafuwa, suka doke Plymouth Argyle biyu da nema a Wembley suka hau rukuni na uku. Wanda ya ci ta biyun shi ne Adebayo Akinfenwa, ƙaton nan ɗan asalin Najeriya da masu wasan ƙwallo na kwamfuta suka sani da ƙarfi. Kwantiraginsa ya zo ƙarshe, sai ya tsaya gaban kyamara yana dariya ya ce duk kocin da ke neman ɗan wasa ya neme shi ta WhatsApp. A 2018 MK Dons ta faɗa rukuni na huɗu, Wimbledon ta tsira, karo na farko ke nan da sabuwar ta kasance a rukunin da ke sama da na wadda aka ɗauke. A Janairun 2019 kuma suka fitar da West Ham ta Firimiya daga Kofin FA da ci huɗu da biyu.

Akwai tabo guda a labarin nan da masu yabo ke tsallakewa, ni kuwa ba na ganin ya kamata. Duk shekarun nan AFC Wimbledon ba a unguwarta take wasa ba. A Kingsmeadow take, filin wata ƙaramar ƙungiya mai suna Kingstonian. Da farko haya ta kama. A 2003, Kingstonian na cikin matsalar kuɗi, Wimbledon ta sayi filin, mai gida ya koma ɗan haya a gidansa. Da lokacin gina nata filin ya zo, sai ta sayar da Kingsmeadow ga Chelsea, wadda ta mayar da shi filin ƙungiyarta ta mata. A 2017 Kingstonian ta tattara ta fita. An ba ta kuɗi masu kauri don ta nemi wani wuri, amma tun daga lokacin yawon haya take daga wannan fili zuwa wancan. Mutanen da suka fi kowa sanin zafin rasa gida, su ne suka zama sanadin wata ta rasa nata. Hujjar cewa ba su da wata hanyar samun kuɗi gaskiya ce, amma ai ita ce hujjar da Koppel ya kawo a 2001.

Komawa gida ma sai da ta kusa kai su ga abin da suke gudu. Sun samu wuri a tsohon filin tseren karnuka da ke kan titin Plough Lane, 'yan taku kaɗan daga inda tsohon filinsu yake. Ana cikin gini, a ƙarshen 2019, aka gano akwai giɓin kusan fam miliyan 11. Aka kawo shawarar a buɗe ƙofa ga masu zuba jari su karɓi kaso mai yawa, wato magoya baya su sassauta riƙon da suka yi. Mambobi suka ƙi. Wasu daga cikinsu suka fito da tsarin rance daga aljihun jama'a: kowa ya ba da abin da zai iya, ya zaɓi shekarun da zai jira, biyar ko goma ko ashirin, ya kuma zaɓi ribar da yake so da kansa, har da wanda ya ce ba ya son komai a kai. Cikin 'yan watanni aka tara sama da fam miliyan biyar. Wani ɗan kasuwa mazaunin yankin, Nick Robertson, ya sayi kaso goma cikin ɗari, sauran aka cike da bashi, ragama kuma ta zauna a hannun Dons Trust.

Ranar 3 ga Nuwamban 2020 aka buga wasan farko a sabon Plough Lane mai ɗaukar mutum sama da 9,000, aka tashi biyu da biyu da Doncaster Rovers. Bayan shekara 29 ana jira, ba mai kallo ko ɗaya a ciki, saboda dokar korona. Dattawan da suka bar tsohon filin suna samari a 1991 sai a talabijin suka gani. Sai a 2021 suka samu shiga.

Mallakar jama'a fa tana da tsadarta. Ba wani attajiri da zai rufe asara a ƙarshen shekara, ga bashin fili ana biya, don haka duk yaron da ya fara haske sayar da shi ake yi: Jack Rudoni ya tafi Huddersfield, Ayoub Assal ya tafi Qatar, Ali Al-Hamadi ɗan Iraƙi ya tafi Ipswich. A 2022 suka faɗo rukuni na huɗu, kuma a duk lokacin da aka shiga irin wannan hali sai muhawara ta taso tsakanin mambobi kan ko a ƙara sayar da hannun jari. A Satumban 2024 kogin Wandle da ke kusa ya yi ambaliya ya lalata filin, har wani sashe ya rufta, dole aka mayar da wasansu da Newcastle can gidan Newcastle. Cikin 'yan kwanaki jama'a suka tara sama da fam dubu ɗari na gyara, ita ma Newcastle ta ba da nata.

A ƙarshen wannan kakar dai, ranar 26 ga Mayun 2025, suka sake zuwa Wembley ƙarƙashin koci Johnnie Jackson. Myles Hippolyte ya ci Walsall ƙwallo ɗaya daf da hutun rabin lokaci, aka tashi a haka, suka koma rukuni na uku. MK Dons kuwa ta gama kakar a can ƙasan teburin rukuni na huɗu.